Ranar da Hajiya Ta Goya Ɗan Norway

Shekarar da autarmu ta yi haihuwar fari tana ƙasar Norway, inda mijinta, wani yaron kirki ɗan Gulma, yake aikin duba lafiyar kifin da ake kiwo a cikin teku. A al'adarmu ita ya kamata ta zo gida Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, ta yi wankan jego a ɗakin uwarta, amma takardu da nisa suka hana. Matata Hajiya ta ce in yarinya ba za ta zo wa wanka ba, to wanka zai je mata.

Ni aiki ya yawata da ni. Na zauna a Masar, na zauna a Faransa, na leƙa wasu ƙasashen. Hajiya kuwa ban da Makka da Yamai ba inda ta taɓa zuwa. Ta cika akwati biyu da kanwa da garin gero da yaji da busasshen ganyen dogonyaro. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai sayar da gwanjo, wadda ta fi ni iya zagi da Hausa, ta zaɓo mata wata jar rigar sanyi mai kai wa har idon sawu.

Mun sauka a ƙarshen sanyinsu, lokacin da ƙanƙara ta narke a cikin gari amma tana nan fari fat a kan duwatsu. Makonni uku na farko lafiya lau. Safe da yamma Hajiya tana tafasa ruwa a manyan tukwane biyu, tururi ya rufe tagogin gidan, mai jego ta fito tana haki ta zauna gaban kwanon kunun kanwa. Ana cikin haka, wata rana da hantsi Hajiya ta leƙa gadon jariri ta tarar wayam. Ta tambaya, auta ta nuna baranda da baki. Jaririn yana waje cikin kekensa, a naɗe, yana barci a iskar da ni ƙato ba na iya tsayuwa a cikinta sai da hula biyu. Wai haka ungozomar asibiti ta ce a riƙa yi, kuma haka kowa yake yi a ƙasar.

Ban ji duk abin da aka faɗa ba, don na shige ɗaki. Na dai ji Hajiya tana cewa ɗan da bai yi arba'in ba ko bakin ƙofa ba a kai shi. Na kuma ji auta ta ce, "Inna, ai ɗana na." Wannan maganar ita ta yanke komai. Kwana uku ba su ce wa juna uffan ba. Wanka ana yi, amma ba ka jin komai sai ƙarar ganye da ruwa. A rana ta uku Hajiya ta ce in canza mana tikiti, ranar Juma'a za ta koma gida.

Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne a ciki. Uwa ta bar 'yarta da wanka rabi da rabi ta dawo? Kafin mu sauka daga jirgi maganar ta riga mu isa Argungu wurin dangin Hajiya, ta wuce Gulma wurin dangin miji. Ba ma maganar mutane ta fi damuna ba. Na san su biyun, kai ɗaya ne da su. In Hajiya ta hau jirgin nan, sai a yi shekaru ba a gyara ba.

Washegari da safe surukina ya same ni, ya durƙusa kamar muna zauren gida, ya miƙo makullin mota.

"Baba, don Allah ku hita da Inna ta ga gari. Hanya guda ta. Ku bi bakin ruwa, ku shiga jirgin hito, ku haye dutse ku dawo. Ko Allah shi sa ta huce."

Motar irin mai aiki da lantarki ce. Na danna, ban ji komai ba, na sake dannawa. Hajiya tana zaune cikin jar rigarta, hannuwa a harɗe, fuska a murtuke. Sai kawai muka ga gidaje sun fara wucewa.

"Malam, taka birki! Mota na gangarawa!"

"Tahiya taka yi, Hajiya."

"Wane irin tahiya ba ta tashi ba?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini cikin kwana uku, sai na ji ƙarfin gwiwa. Na riga na shirya jawabina tun daren jiya, a kan yadda kowace al'umma take da tata tarbiyya. Na gyara murya na ce, "Lokacin da nike Masar..."

"Kak ka soma min Masar da Faransa. Tuƙinka kawai."

Na yi tuƙina. Muna fita gari hanya ta nufi wani dutse kai tsaye ta shige cikinsa. Hajiya ta kama salati. Muka yi ta tafiya a cikin dutsen nan, fitilu suna wucewa a kanmu, ta gama salati ta kama Ƙulhuwallahu, ta gama ta sake, dutse bai ƙare ba. Can sai ga haske kamar bakin rijiya, muka fito.

Na ga wurare a rayuwata, amma sai da na ɗaga ƙafa daga totur. Wani ruwa ne shuɗi mai duhu, kwance lumui tsakanin duwatsu biyu da suka miƙe tsaye kamar bangon birni, kawunansu farare. Teku ne ya kutso cikin ƙasa ya yi ta tafiya. A gindin duwatsun ga ciyawa kore shar, ga 'yan gidajen katako jajaye, ɗaya nan ɗaya can, kamar an watsa barkono a kan tabarma. Hajiya ta manta tana fushi. Ta saki hannuwanta ta dafa gilashi.

"La'ilaha illallahu! Wanga dut ruwa na?"

"Ruwa na."

"To ina masunta?"

Hajiya 'yar masunta ce. A bakin gulbin Argungu aka haife ta, mahaifinta da gora da homa, ragar kamun kifi, ya ciyar da su. In damina ta yi kyau, fadama ta cika daga Birnin Kebbi har Argungu, ba ta iya wucewa a mota ba ta ƙirga kwalekwale ba. Yau ga ruwa ya ninka wancan ba adadi, ta duba gabas ta duba yamma, ba mutum ko ɗaya.

"Wagga asara da mi tay yi kama! A kawo ƙannena biyu nan, sati guda, wallahi sai kifin garin ga ya san an zo."

Daga nan bakinta ya buɗe. Muka wuce wani ruwa da yake zubowa daga ƙololuwar dutse, fari kamar an kwance rawani, feshinsa har kan gilashin motarmu, ta ce wa ya bar famfo a buɗe. Muka ƙirga irinsa goma sha ɗaya, muka yi gardama a kan na sha biyu, ita ta ce na ɗazu ne ya zagayo. Muka ga gida da ciyawa ta tsiro a kan rufinsa har da ɗan itace. Na ce da gangan suke yi, yana riƙe ɗumi. Ta ce malalacin maigida dai, ko a Kabi akwai irinsu, sai dai namu ba su samu mai kare su da Turanci ba. Sannan ta shiga rabon filaye. Wancan kwarin na shinkafa ne. Wancan gangaren a ba mutanen Augie su zuba albasa. Wani tsibiri mai gida ɗaya ta ce nata ne, in na yi hankali za ta riƙa bari in zo yini.

Da muka iso mashaya, hanya ta ƙare a bakin ruwa, wani jirgi ya buɗe baki muka shige da motarmu, da manyan motoci biyu a bayanmu. Hajiya ta ce ita fiton da ta sani, ana ɗora babur a kwalekwale mai shi yana riƙe da shi yana addu'a. Muka hau sama. Iska ta cika jar rigar nan ta kumbura, ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗankwali da ɗaya, tana dariya har da hawaye. Na sayo mana wata waina mai faɗi da ake naɗewa da man shanu da sukari. Ta ce ba ta kai masar Argungu ba, ta ci tata ta ci rabin tawa.

A ƙetare hanya ta fara hawa, tana lanƙwasa kamar macijin da aka taka. Wasu tumaki masu ƙararrawa a wuya sun kwanta a tsakiyar kwalta suna tuƙa. Na yi ham, ko kallo ban ishe su ba. Hajiya ta sauke gilashi ta daka musu tsawa da Hausa, suka tashi. Ta ce dabba ko ta ina ce ta san muryar mai gida.

A can sama itatuwa suka ƙare, sai ƙanƙara dama da hagu, tsayinta ya fi motar. Na tsaya. Ta fito tana taka ta a hankali kamar mai shiga gonar wani. Ta dumbuza, ta shinshina, ta ɗanɗana. Na juya ina neman inda zan ɗauke ta hoto, sai na ji tim a ƙeya, hulata ta faɗi. Matar da muka aurar da 'ya'ya shida tare, ita ce ta jefe ni. Na rama. Muka yi ta yi, tsoho da tsohuwa, ni da babbar riga a ƙarƙashin kwat, har wata mota ta rage gudu mutanen ciki suna ɗaga mana hannu. Rabon da in ji ta tana irin wannan ƙyalƙyatar tun muna amarci a gidan haya.

Da muka koma mota muna haki na ga dama ta samu. Na ce, "To, batun Juma'a..."

Fuskar ta rufe nan take. "Juma'a tana nan. Ƙasa mai kyau daban, hankali daban."

Muka gangaro wani ƙauye wajen azahar. Gidaje ba su fi ashirin ba, da coci fari, da wani ɗan gidan shayi a bakin rafi. Na ce bari in shiga in sayo shayi in tambayi inda za mu yi alwala. Hajiya ta ce ita za ta miƙe ƙafa a waje.

A ciki akwai ɗumi da ƙamshin gahawa. Mutum biyu ne kawai a wani tebur, wata matashiya da wata tsohuwa tukuf mai sanda. A gabansu akwai wata 'yar na'ura fara kamar sabulu. Ina tsaye ina jiran shayi sai na ji na'urar nan ta fara waƙa. Da Hausa. Waƙar rarrashi ce, wadda aka yi wa 'ya'yana shida, kuma muryar ko a cikin barci na san ta.

Matashiyar ta dubi na'ura, ta dubi taga, ta zabura har kujera ta faɗi. Na bi ta da gudun da ban san gwiwoyina suna da shi ba.

A jikin bangon gidan shayin akwai keken jariri, wanda ban ko lura da shi ba da zan shiga. Ashe duk sautin da aka yi a wurin keken nan, na'urar ce take kai wa uwar. Ba kowa a cikinsa. Gefe guda ga jar riga a ƙasa. Ga Hajiya ta goya wani ƙaton jariri mai farin gashi, ta ɗaure shi tam da mayafinta, tana kai da kawowa tana jijjiga shi. Yaron ya kwantar da kumatu a bayanta yana tsotsar ɗankwali.

A nan dariya ta ƙare mini. Na san ƙasashen nan. Waya ɗaya matar nan za ta buga, sai 'yan sanda, sai tambayoyi, sai a tono wanda ya gayyato mu da takardun zamansa. Matar ta miƙa hannuwa biyu, tana magana da harshensu. Hajiya ta ja da baya taki ɗaya.

"Ke ta uwar? Ke ji tsoron Allah! Kina ciki kina shan shayi, ɗiyanki na waje awa kayan shanya? Malam, hwaɗa mata."

Na ce da Turanci, "Matata tana ba ki haƙuri ƙwarai. Ta zaci an manta da shi ne."

Matar ta koma Turanci. "Ta ba ni ɗana. Yanzu."

"Mi tac ce?"

"Ta ce ta gode, a ba ta shi."

"Wanga guntun zance ba godiya ba ta. Kuma ni abin da nic ce ya hi naka tsawo."

"Hajiya, don girman Allah kwance goyon ga. Ɗauri aka yi a kan wannan."

Ta dube ni, ta ga ba wasa a idona. Kafin ta kai hannu ga ƙullin sai ga tsohuwar ta iso da sandarta. Ta zagaya Hajiya sau ɗaya, ta ja mayafin ta ji ƙarfinsa, ta leƙa fuskar yaron. Sannan ta tambaye ni da wani tsohon Turanci mai kyau, yaya aka yi bai faɗo ba, ba igiya ba maɗauri? Na fassara. Hajiya ta ce a gaya mata shida ta goya, ban da na dangi, ba wanda ya taɓa faɗowa. Ta sunkuya, ta kwance, ta zamo da yaron ta gefe ta miƙa wa uwar. Uwar ta rungume shi ta juya mana baya.

Tsohuwar, wadda ashe kakar matashiyar ce, ta kama hannun Hajiya ta cusa shi cikin keken. Wata jaka ce a ciki, ta fatar tunkiya mai gashi. Na ga fuskar Hajiya ta canza. Tsohuwar ta ja ta zuwa wurin yaron, ta ɗora yatsun Hajiya a ƙeyarsa. Ta ce nan ake taɓawa a san ko yaro yana jin sanyi, ba hanci ba. Ta ce ita biyar ta haifa, duk a waje suka yi barcin rana, har a watan da rafin nan yake daskarewa a yi tafiya a kansa. Ita ma haka uwarta ta yi mata, ga ta nan ta wuce tamanin. Iskar ɗaki, in ji ta, ita ke sa yaro ciwo.

Hajiya ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Da nid ɗauko shi na ji shi da zahi, awa burodin da anka hiddo yanzu. Ga nauyi kamar buhun shinkafa."

Tsohuwar ta tambayi abin da ya kawo mu ƙasarsu. Na gaya mata. Ta ce wane irin wanka ne sai uwa ta tsallako duniya? Na kwatanta mata: ruwa ya tafasa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma, kwana arba'in, ta sha kunu mai kanwa. Ta zaro ido ta dafe ƙirji.

"Dafa ta kuke yi? Kuma hukuma ta sani?"

Wannan karon na fassara daidai, kalma da kalma. Hajiya ta harzuƙa.

"Ji min tsohuwa! Hwaɗa mata haka anka yi wa uwata, haka anka yi min, shida na haihwa ga ni tsaye. Wanda bai san abu ba shi ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da baki a buɗe, ta dubi keken. Tsohuwar ba ta jira fassara ba, ta fashe da dariya har tana buga sanda a ƙasa.

Uwar yaron dai ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta ce mini in gaya wa matata, a nan ba a ɗaukar ɗan wani, ko da kuka yake yi, sai dai a shiga a kira uwarsa. Na gaya mata duka, ban rage ba. Hajiya ta ɗauki rigarta ta kakkaɓe, ta je gaban matar ta ɗan rusuna, abin da ban taɓa ganin ta yi wa sa'ar 'yarta ba. Ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. Na tsorata ki." Matar ta gyaɗa kai. Ba ta buga waya ba. Muka yi sallarmu a bayan gidan shayin a kan ciyawa mai laima, muka kama hanya.

Mun yi tafiya mai nisa. Rana tana sama kamar ba ta da niyyar sauka. Can sai na ji kujera tana girgiza. Na waiga, Hajiya ce ta toshe baki da mayafi.

"Wai hukuma ta sani!"

Sai da na gangara gefen hanya na tsaya, don ba na ganin gabana. Muka yi dariya har cikina ya ƙulle. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Ka canza tikitin?"

"Ban canza ba."

"Dama na san ba ka canzawa. Kai dai ba a aike ka ka je."

Mun iso gida bayan la'asar. Auta tana zaune a falo, ta miƙe ta ce sannunku da zuwa, idonta a ƙasa. Hajiya ta wuce kai tsaye ta buɗe ƙofar baranda. Jikanmu yana can cikin kekensa. Muna kallonta ta gilashi, ni da auta da mijinta. Ta cusa hannu cikin jakar, ta daɗe. Ta taɓa ƙeyarsa. Sannan ta leƙo.

"Ke. Miƙo min kujera da carbina. In dai waje zai kwana, ba shi kaɗai ba."

Auta ta kai kujera da gudu, ta dawo ta kai bargo, ta tsaya tana murza hannu.

"Mi kika tsaye yi? Je ki ɗora ruwa. Tukunya biyu, kuma shi tahwasa, ba irin na jiya ba."

Haka aka ƙarasa arba'in. Kullum da hantsi jariri yana waje yana sharar barci, kakarsa tana gefensa a dunƙule, hanci kawai ake gani, tana jan carbi tana yi wa duk wanda ya wuce a titi sannu da Hausa. A kwana na talatin mura ta kwantar da ita. Yaron ko atishawa bai yi ba, kuma har yau ba a yarda a faɗi haka a gabanta ba.